Me ya sa muke tsufa? Abin da na koya a mastas

Yau ba maganar kuɗin makaranta ko tsadar ɗaki zan yi ba. Kun san ina mastas a fannin sinadaran jiki a nan Ibadan, to akwai darasin da ya hana ni barci kwanan nan: me ya sa jiki yake tsufa, kuma ina iyakarsa?

Jikinmu tarin ƙwayoyin halitta ne, kuma suna rabuwa biyu don maye gurbin waɗanda suka mutu. A 1961 wani masani a Amurka, Leonard Hayflick, ya nuna cewa ƙwayar jikin mutum da aka raina a lab takan rabu kamar sau 50, daga nan ta tsaya cak. Dalili? A ƙarshen kowane zaren gado akwai abin da ake kira telomiya, kamar ƙullin da ake yi a bakin igiya don kada ta warware. Duk rabuwa ɗaya, ƙullin yana ɗan raguwa. In ya yi gajere sosai, ƙwayar ta daina rabuwa. Bincike kan telomiya ne ya sa mutum uku suka samu kyautar Nobel a 2009.

Za ku ce to a hana shi raguwa mana. Ai akwai ƙwayar da ta iya hakan: ta ciwon daji. Henrietta Lacks ta rasu a 1951, amma ƙwayoyin dajin da aka ɗiba a jikinta har yau suna rabuwa a ɗakunan bincike na duniya. Wato birkin da yake kawo tsufa yana daga cikin abin da yake kare mu daga daji. Ikon Allah!

Kuma ba telomiya kaɗai ba ce. Kurakurai suna taruwa a zaren gado, jijiyoyin jini suna tauri, garkuwar jiki tana rauni, gyara ba ya kamo ɓarna. Tun 1825 wani Bature ɗan Ingila, Benjamin Gompertz, ya lura da tsarin abin: in mutum ya girma, haɗarin mutuwarsa yana ninkuwa a kai a kai. Lissafin yau ya ce kusan duk shekara 8.

Iyakar fa? Wadda aka tabbatar da takardu ta fi kowa daɗewa ita ce Jeanne Calment ta Faransa: an haife ta 1875, ta rasu 1997, shekara 122. Har yau babu wanda aka tabbatar ya kamo ta. A maza kuwa Jiroemon Kimura na Japan ne, shekara 116. Na san kowa a cikinmu yana da kakar da ake cewa ta yi 130. Allah ya ƙara musu lafiya, amma lissafin shekarar fari da shekarar yunwa ba takardar haihuwa ba ne.

Ga inda abin ya taɓa ni. Matsakaicin tsawon rai a Japan ya kai wajen shekara 84, namu a Najeriya bai kai 60 ba. Wannan tazarar ba telomiya ce ta kawo ta ba. Yara ne da zazzaɓin cizon sauro yake ɗauka kafin su kai shekara 5, mata ne a wajen haihuwa, hatsarin hanya ne, hawan jini ne da ba a taɓa aunawa ba sai ranar da mutum ya faɗi. Mu yawancinmu ba ma isa iyakar da ake muhawara a kanta.

Ni sau biyu nake zuwa gida a shekara. Wanda yake tare da iyayensa kullum ba ya ganin canjin, amma mu da muke nesa muna ganinsa a dunƙule. Zuwana na ƙarshe na tarar Baba ya fara sallar nafila a zaune, Umma kuma sai na zura mata zare a allura. Na zauna na yi lissafi: yajin aiki ya ci, jiran sakamako ya ci, bautar ƙasa ta ci, ga ni ina dosar talatin ban gama ba. Kullum cewa nake idan na gama zan kula da su. To jikinsu bai san da kalandar makaranta ba.

Na sani sarai ajali na Allah ne, babu mai ƙara daƙiƙa. Amma an umarce mu da neman magani, kuma rigakafi ya fi magani. Na'urar auna hawan jini ba ta kai kuɗin wayar da ke hannunmu ba. In za ku tafi hutu, ku saya, ku koya wa ƙanenku yadda ake amfani da ita. A auna sukari, a rage gishiri da magi, a sa yara cikin gidan sauro, a kai su allurar rigakafi. Mu da aka tura karatu, wannan ne mafi ƙarancin abin da ake bin mu.

Sannan ka kira su yau, ko da katin ɗari biyu ne. Kada ka jira ranar bikin yaye ɗalibai.

Allah ya ba iyayenmu tsawon rai mai albarka, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu gama lafiya. Amin.