Abin da Na Gani a Wuraren Wasan Yara na Kano

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba masu karatu labarin abin da na gani a Kano, sa'ad da na sami hutun ofis na Ƙaramar Salla.

Kashegarin Hawan Daushe na zaga lambuna uku, inda a ke biyan kuɗi yara su shiga wasa. Yara maƙil, kowa ya sha sabon ɗinki. Ga lilo, ga tsani, ga wani ƙarfe mai santsi da su ke sulalowa a kansa. A lambu guda an zuba yashi, yaro ya faɗi, ya tashi ya kaɗe riga yana dariya. Sauran biyun kuwa daɓen siminti ne. Nan a gabana wata yarinya ta suɓuce daga lilo, ta tokare da hannu, hannun ya karye.

To, jama'a, ba lilo ke karya yaro ba, abin da ya faɗa a kai ne. A Amurka, inda a ke ƙidaya irin wannan, yara fiye da 200,000 a ke kaiwa asibiti kowace shekara, yawancinsu kuwa faɗuwa su ka yi. Tun 1981 hukumarsu ta buga littafin ƙa'idodi. A cikinsa yau an ce a zuba abu mai taushi zurfin inci 12, ya kewaye abin wasa ƙafa 6 ta kowane gefe. Yashi ya isa in bisan bai wuce ƙafa 4 ba, ɓarɓashin katako kuwa har ƙafa 10. Gaban lilo da bayansa a bar fili ninkin tsayinsa biyu.

Shin wannan ya gagare mu? Ga yashi a Kogin Challawa, ga 'yan katako a Na'ibawa. Mai karɓar kuɗin ƙofa ba zai rasa na yashi ba.

Ku kuma iyaye, ku dubi ƙasa kafin ku biya. Ku taɓa ƙarfen da hannu, gama ranar Kano ta kan gasa shi. Ku karɓi mayafin yarinya kafin ta hau, kada ya sarƙe ya shaƙe ta. Rigakafi ya fi magani.

Iyakar maganata ke nan. A huta lafiya.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.