Taura biyu a baki ɗaya

Magabata sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Duk da haka, yawancin ƙungiyoyin al'adu na ƙasarmu, daga Tawa har Damagaram, kwamfuta ɗaya tak suka mallaka. Da ita magatakarda yake buga wasiƙu, da ita malami yake lissafin makin ƴan lakwal, da ita kuma ake so a ɗauki muryar makaɗa da mawaƙa. Ƙungiyarmu ma haka take, kuma ni aka ɗora wa nauyin kula da na'urar. Shekarun da na yi a kan wannan aiki sun nuna mini cewa taurar tana taunuwa, muddin ɗaya bayan ɗaya aka sa ta a baki.

Ayyukan biyu halinsu ya sha bamban. Wasiƙa tana da haƙuri: in na'ura ta yi jinkiri na daƙiƙa biyu, mai rubutu ya jira, ba abin da ya ɓace. Sauti kuwa ba ya jira. A ma'aunin faifan CD, na'ura tana auna murya sau 44,100 cikin kowace daƙiƙa. In a daidai lokacin wata manhaja ta shiga sabunta kanta ta intanet, ko mai farautar ƙwayar cuta ya fara bincike, sai a ji ɗan tsinkewa a tsakiyar baiti, kuma abin da ya tsinke ba ya dawowa.

Saboda haka na raba na'urar gida biyu. Na buɗe shiga biyu, kowace da kalmar sirrinta: ɗaya ta kowa da kowa, ɗaya ta ɗaukar sauti kawai. A ta biyun babu kome sai Audacity, manhajar kyauta da ta fito a shekarar 2000, wadda ta ishe mu ɗauka da yanka da haɗawa. Kafin a fara, nakan katse intanet in rufe duk abin da ke aiki a ɓoye. Sautin kuma ba ya kwana tare da takardun ofis. Yana da faifansa na waje, domin minti ɗaya yakan ci kimanin mega 10, awa ɗaya ta haura mega 600. Mukan ajiye asali a tsarin WAV, mu ba mutane kwafin MP3, tun da MP3 yana zubar da wani sashe na sautin don ya rage nauyi.

Sai kuma abin da ƙasarmu ta ƙara mana. A watannin Afrilu da Mayu fankar cikin na'ura takan yi ta huci saboda zafi, mikro kuwa ba ya bambanta hucin da amon gurmi. Don haka da sanyin safiya muke ɗauka, na'ura can nesa, mikro kusa da mai kiɗa. Ƙurar hunturu tana toshe kafofin iska, sai an riƙa rufewa da kyalle ana kakkaɓewa. Wutar lantarki ma takan shigar da wani gunji cikin sauti, ga ta da ɗaukewa ba sallama. Maganin duka biyun shi ne a cika batir, a zare waya daga bango kafin mawaƙi ya buɗe baki.

Mafi wuya shi ne mutane. Ranar da muka gayyato wata tsohuwa mai waƙoƙin niƙa da na daɓe, wani abokin aiki ya zo da ƴar ma'ajiyar USB yana son buga jarrabawa nan take. Na ba shi haƙuri har azahar, ransa bai so ba. Hujjata ita ce jarrabawa tana sake buguwa gobe, tsohuwar kuwa daga ƙauye ta zo, kuma jikokinta injin niƙa suka sani, ba dutse ba. Daga nan ƙungiya ta tsai da doka: ranar ɗauka ta sauti ce, kuma ba a cusa ma'ajiyar kowa a shigar ɗauka, domin ta nan ƙwayoyin cuta sukan yaɗu.

Mutuwar Maman Barka a 2018 ta tuna mana yadda kayan kiɗa irin biram ke iya rataya a wuyan mutane ƙalilan. Cibiyoyin Yamai, irin su CELHTO da IRSH, ba za su iya kai wa kowane ƙauye ba. Sauran aikin yana hannun malamai da ƙungiyoyi. Duk wanda ya ɗauki murya, ya rubuta sunan mai ita da garinsa da ranar ɗauka, ya nemi yardarsa, sa'an nan ya yi kwafi biyu, ɗaya ta kwana a wani gida dabam.