Yaron Shago a Katsina da Ma'aikaci a Ingila

A kudancin birnin Birmingham na ƙasar Ingila, inda nake zaune yanzu, akwai unguwar da ake kira Bournville, wadda asalinta masana'antar cakulan ce da wa da ƙane, Richard da George Cadbury, suka ƙauro da ita daga cunkoson gari a 1879. Daga baya George ya gina gidaje masu lambuna saboda masu cin guminsu, har a 1900 ya mayar da unguwar tamkar waƙafi a hannun amintattu, domin kada alherin ya bi shi kabari.

Bakatsine ba zai ga baƙon abu a niyyar mutumin nan ba, domin tun zamanin iyayenmu ubangida nagari a 'Yar Kutungu ko Babbar Kasuwa shi ke ɗauke da cin yaronsa da maganinsa da ɗinkinsa na Salla, in ya isa aure ya yi masa, in ya ƙware ya yaye shi da jari. Saboda haka yaro kan shekara goma bai ɗaga ido ya dubi shagon wani ba. Irin wannan zumunci ya yi ƙaranci a nan, inda da wuya shugaban aiki ya taka zuwa gidan ma'aikacinsa ta'aziyya.

Amma abin da yake ihsani a wurinmu, a Ingila haƙƙi ne rubutacce: hutun kwana 28 a shekara da cikakken lada, da kuɗin jinya, da asusun fansho wanda doka ta fara wajabta wa masu kamfani sanya ma'aikatansu a ciki tun 2012, alhali dokar ƙwadago ta Nijeriya hutun kwana 6 ta ambata, su ma ba su cika isa bakin shago ba. A Katsina, idan ubangida ya rasu magada suka raba dukiya, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tsaron amana sai ya tashi hannu rabbana, ƙannensa kuwa suna kallo. Shi ya sa suke gwammace tuƙin Keke Napep ko tafiya Abuja. Ana cewa yaran zamani ba su da haƙuri, ni kuwa ban yarda ba.

Fuƙaha'unmu na Malikiyya sun sharɗanta cewa ijara ba ta inganta sai lada ya zama sananne, aiki ko wa'adinsa ma sananne. Ina roƙon attajiran Katsina su riƙe zumuncin nan nasu, su kuma rubuta wa kowane yaro ladansa da ranar yayensa a gaban shaidu biyu.