Ido a kan zane, hannu a kan majinyaci

A ɗakin gaggawa furfura ta riske ni, kuma da za a tambaye ni ilimin da ya fi ceton rai a hannun nas, sai in ce iya karanta zanen bugun zuciya. Likita yakan duba ya wuce wani gadon, nas ce ke kwana da majinyaci. In zuciya ta rikice da tsakar dare, ita ce farkon gani.

Tun 1924 aka ba Willem Einthoven, mutumin Holan, kyautar Nobel saboda na'urar da ke fitar da wannan zane, amma har gobe hukunci yana hannun mai karanta zanen. A da, da ƙirgen gidajen da ke kan takardar muke farawa: ki ƙirga manyan gidaje tsakanin tsini da tsini, ki raba 300 da su. Gida huɗu, bugu 75 ke nan a minti, cikin iyakar 60 zuwa 100 da ake so ga babban mutum. Yau da gobe sai ido ya saba. Ki ga tudun da ake kira T ya yi tsawo ya yi tsini a jikin mai ciwon ƙoda, kin san sinadarin fotasiyam ya hau, maza a kira likita tun zuciya ba ta tsaya ba.

Babban abin da shekaru suka koya mini shi ne kada na'ura ta raba ki da majinyaci. Waya ɗaya ta ɓalle daga ƙirji, sai zane ya miƙe sambal, alhali bawan Allah yana barcinsa. Mai rawar sanyi kuma zanensa kan hargitse kamar zuciya ta ɓaci. Kira sunansa, ki taɓa jijiyar wuyansa. In babu bugu, zanen ne zai raba miki hanya: zuciyar da ke karkarwa tana bukatar shokin lantarki nan take, wadda ta tsaya cik kuwa shoki ba ya tashinta, sai danna ƙirji da allurar adirenalin. Mintoci kaɗan ƙwaƙwalwa ke jurewa ba jini.

'Ya'yana masu tasowa, ku karanta zane kullum, har na masu lafiya, domin sai wanda ya san daidai ke gane karkace. Rai na Allah ne, amma amanar lura a wuyanku take.