Tagar da ke ɗauke da sunan Kaka

1/ A cocin ƙauyenmu a Sakaba akwai wata taga mai gilashi ja da shuɗi. A ƙarƙashinta na taso ina gyangyaɗi kowace Lahadi, amma sai hutun bana na tsaya na karanta rubutun jikinta. Ashe sunan kakana ne. Ku biyo ni 🧵

2/ Baba ya ce Kaka na cikin samarin ƙasar Zuru da Turawa suka ɗiba soja, aka kai su Bama a yaƙin duniya na biyu. Rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma ne suka gwabza da sojojin Japan a dazukan can, har 1945.

3/ Ya dawo da rai, amma ko hoto bai bari ba. Da ya rasu 'ya'yansa suka yi karo-karon kuɗin taga. Baffa, wanda musulmi ne, sai da ya sayar da buhun dawa biyu ya zuba nasa.

4/ A Ingila, irin wannan taga gutsattsarin gilashi ake haɗawa da dalma su ba da hoto. Tamu kuwa gilashin tagar gida ne aka sayo daga Kontagora, malamin coci ya rubuta sunan da fenti.

5/ Yanzu 'yan bindiga sun tashi mutanenmu, leƙawa kawai muke yi da rana. Gilashi uku sun fashe, fentin na ɓarewa. Duk duniya nan kaɗai aka rubuta sunansa.

6/ Na ɗauki hoton tagar, na naɗi muryar Baba a waya. Kai ma in tsohonka na raye, zauna ka tambaye shi yau.