Takardun Kakana da Gara Ta Cinye

Kakana yana da wata tsohuwar gafaka a ɗakinsa a Daura, cike da takardun ajami. Bayan sallar lisha yakan tara mu ya karanta mana sunayen sarakunan Daura. A bakinsa na fara jin yadda Malam Isiyaku ya ci garin a zamanin jihadi, sarakunan Haɓe suka koma Zango da Ɓaure, sai a 1906 Turawa suka komo da Malam Musa kan gadon kakanninsa. A lokacin wasa ne a gabana, ban taɓa kwafe ko layi ɗaya ba.

Da Allah ya yi masa rasuwa, sai aka kulle ɗakin. Bayan damina biyu aka buɗe, muka tarar gara ta cinye gafakar da abin da ke ciki, sai ƙasa kawai. Babana ya daɗe a tsaye bai ce uffan ba. Da na sani ƙeya ce.

Na kai wa malaminmu na tarihi labari. Shi kuma ya ba ni labarin Wazirin Sakkwato, Alhaji Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya zama Waziri a 1948, ya rasu a 1997. Ya adana littattafan da ya gada, ya rubuta Tarihin Fulani, kuma bai hana masu bincike shiga ɗakin littattafansa ba. A can Murray Last ya yi karatu kafin ya fitar da littafinsa kan Daular Sakkwato a 1967. Malam ya kuma gaya mini cewa a 1970 Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya kafa Gidan Arewa a Kaduna don adana irin waɗannan takardu.

Tun ran nan na ƙudura, in Allah ya yarda, zan karanta tarihi, in yi aiki a laburaren jami'a. Abokaina suna yi mini dariya, wai mai gadin littattafai. Ban damu ba, gama na ga abin da rashin mai gadi ya jawo mana.

'Yan'uwana ɗalibai, idan an yi hutu ku tambayi tsofaffinku. Wanda ya sami takarda a gidansu ya ɗauke ta daga ƙasa, ya kakkaɓe ta, ya kwafe tun mai iya karanta ta yana da rai.