Powerman na Ƙarshe da Ya Iso Kumagannam

Mutumin yana tashi sama ba fiffike, yana ɗaga abin da taron ƙarti ba za su iya girgizawa ba, amma saran maciji ɗaya kan iya kai shi ƙasa. Wannan raunin ne ya sa mu yaran Kumagannam muka ɗauki Powerman ɗan gida. Duk wanda ya taɓa shiga gonar gero da kaka ba takalmi ya san abin da ake nufi da gobe-da-nisa.

A 1975 mujallar Powerman ta fara fitowa, mako bibbiyu, kuma don Nijeriya aka yi ta, jaruminta baƙar fata. Yayyenmu sun riga sun yi zamanin Lance Spearman na African Film, mai kwat da malafa da bindiga, to amma shi hotunan kyamara ne, kuma ƙafarsa a ƙasa take. Namu zane ne, yana ratsa gajimare.

Kafin ta iso mana ta sha hanya. Jirgin ƙasa zai sauke ta a Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tuƙe. Yayana da ke zaman shago a can zai saya, ya karance ta tukuna, sannan ya naɗe ta ya ba wani yaron mota. Takan zo da warin gas, wani lokaci da shatin yatsun manja a bango. Sai mu zagaye ta a inuwar aduwa bayan makaranta. Turanci ne a ciki, mu kuwa Manganci muke yi a gida, Hausa a kasuwa, don haka wani ɗan aji bakwai ne tafinta. Rabin fassararsa daga kansa yake ƙago ta, mun kuma sani, ba dai wanda ya isa ya tanka, kada ya naɗe mujallar ya tafi.

A 1977 aka daina buga ta. Ta ƙarshe da ta shigo hannunmu ba ta yi kama da ta ƙarshe ba: ya doke mugu, ya tashi sama, kamar kullum. Muka yi ta tsaron motar Nguru har Yaya ya zo hutun Sallah.

"Yaya, ina Powerman?"

"Kai dai bari, ƙanena. Mai jarida ya ce an daina kawowa."

Sai da na girma na san Turawan Ingila ne suka yi shi. Donne Avenell da Norman Worker ke rubuta labarin, Dave Gibbons da Brian Bolland na karɓa-karɓar zane. Gibbons ɗin nan shi ne daga baya ya zana Watchmen, fitowa 12 tsakanin 1986 da 1987, labarin da aka kai shi har ƙarshensa aka rufe. Mu namu tsayawa kawai ya yi. A 1988 kamfanin Eclipse ya sake buga wasu labaran a Amurka, an sauya wa jarumin suna zuwa Powerbolt. Abin da ya ɗan sosa mini rai shi ne lambobin da aka sa wa kowane zane a mujallarmu, 1, 2, 3, wai don kada mai karatu ya ɓace. Ashe raini ne. Mu da muke zaton ado ne.

Ƙarshen labarin dai mu muka yi wa kanmu, a tsakiyar littafin lissafi, da biro shuɗi. Akwai wani abokinmu mai hannun zane, wanda daga baya ya koma rubuta kirari a jikin manyan motoci a Gashuwa. Ya zana Powerman ya sauka a gonar gero, maciji ya sare shi a dunduniya, an ɗora shi a amalanken shanu. Nan gardama ta kaure. Wasu suka ce mutuwa zai yi, don gobe-da-nisa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ni ina cikin masu cewa a kai shi wurin gardi ya ba shi laƙani. Har kokawa sai da aka yi.

Mai zane ya bar mu muka gaji, sannan ya zana gardin, da ƙwaryarsa da gangarsa, ya fi Powerman tsawo da faɗin ƙirji. Ya ce daga yau labarin gardi za a ci gaba da yi, duk mai son gani ya kawo takarda da kwabo ɗaya.